Wa ke yanke aikin da za a yi da kuɗin gari ne? Muna neman magudanar ruwa a layinmu

Ɗan Zango:

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka, ya gida ya ƙoƙari. Don Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san aikin meri, wato ofishin magajin gari, ciki da waje, ni tela ne karatuna bai yi nisa ba a firamare na tsaya, don haka a yi mini bayani da Hausa kar a cika mini Faransanci.

Layinmu a nan Damagaram gangare ne, duk ruwan da ya sauko daga wajen duwatsu ta ƙofar gidajenmu yake bi kafin ya faɗa tapki, to duk damina haka muke kwana da shebur da buhunan yashi a bakin zaure. Daminar 2024 kuwa ba sai na ba ku labari ba, shekarar da tsohon masallacin Birni ya rushe, a layinmu kaɗai katanga uku suka zube, ni kaina ruwa ya shiga mini shago ya ɓata shaddar mutane sai da na biya daga aljihuna. Bayan nan muka zauna muka yi karo-karo jika biyu biyu kowane gida, muka sayo jar ƙasa kamiyo biyu muka zuba, wallahi ruwan farko da ya biyo baya ya kwashe ta tas kamar ba a taɓa zubawa ba. Yanzu dattijan layi sun ce magana ɗaya ce, magudanar ruwa ta siminti, ita kuma ta fi ƙarfin karo-karonmu nesa ba kusa ba.

To ni aka ɗora wa bin maganar. Abin da ban gane ba, wa ke yanke cewa bana layi kaza za a yi wa aiki, layi kaza kuma sai baɗi? Wani ya ce mini sai an saka cikin buje, wato kasafin kuɗin shekara, wani ya ce mu je wajen mai unguwa, wani ya ce tunda babu kwansaye yanzu mu haƙura kawai mu ci gaba da cika buhu. Sannan irin sanarwar nan da muke ji a radiyo, an hana sakin dabbobi cikin gari, an hana kasa kaya bisa gudro, wanda aka kama zai biya tara, ita wa ke rubuta ta, mutum ɗaya ne ko taro ake? Ba faɗa nake nema da kowa ba, so nake in san ƙofar da zan ƙwanƙwasa kar in yi ta yawo rana na dukana a banza.

Tsohon Sakatare:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya mayar da alheri kan abin da ruwa ya ɓata. Na yi shekaru ina aiki a buron wata komin, wato ƙaramar hukuma, cikin jihar nan kafin in ajiye, bari in gaya maka yadda abin yake a takarda da yadda na gan shi da idona.

Dokar da ke tafiyar da ƙananan hukumomi a Nijar ita ce wadda aka sa wa hannu ranar 17 ga Satumba 2010, lamba 2010-54. A cikinta abu biyu ne, akwai majalisa wato kwansayen da jama'a suka zaɓa, akwai magajin gari da su kwansayen ke zaɓa daga cikinsu. Majalisa ce ke yanke magana, magajin gari shi ke zartarwa. Suna zama na ƙa'ida sau huɗu a shekara, duk wata uku sau ɗaya, kuma zaman buje yana faɗowa ne a watanni ukun ƙarshe saboda shekarar kuɗi daga 1 ga Janairu take farawa. Sarakuna da dapitoci suna da kujera a zaman, suna ba da shawara amma ba su jefa ƙuri'a. Kuma zaman nan a buɗe yake, kowa na iya shiga ya zauna baya ya saurara, amma ni duk zamana da wuya in ga mutum biyar daga gari sun shigo, sai dai in ranar ana maganar fuloti.

Maganar dokokin da kake ji a radiyo kuma iri biyu ce. Duk abin da ya shafi kuɗi, kamar nawa za a karɓa tikitin kasuwa ko kuɗin rumfa ko na tasha, majalisa ce ke yanke shi da ƙuri'a, kuma ba ta wuce iyakar da dokar ƙasa ta gindaya. Abin da ya shafi tsari da tsabta da lafiyar jama'a, irin sakin awaki da toshe hanya da zubar da shara, magajin gari na iya fitar da takardar umarni da hannunsa, ita ce ake ce wa arete. Dukansu biyun sai an kai wa wakilin gwamnati ya duba ko sun saɓa wa doka, a komin parfe ne, a babban gari irin Damagaram gwamna ne.

Yanzu wanda ya ce maka babu kwansaye gaskiya ya faɗa, a watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙasar nan duka aka naɗa waɗanda ake ce wa AD, wato wakilan da gwamnati ta ba riƙon gari, aikin majalisa da na magajin gari ya koma hannunsu. Amma cewa ku haƙura, nan ya yi kuskure. Buje bai daina fita ba, ma'aikatan da ke shirya shi suna nan, masu kula da hanyoyi da tsabtar gari suna nan, su ne ma ke kawo jerin ayyukan da ake zaɓa a ciki.

Abu ɗaya da mutanen Damagaram da yawa ba su sani ba, garin nan an raba shi da'ira biyar, amma da'ira ba ta da buje nata na kanta kamar komin ta karkara, babbar meri ce ke riƙe da asusu tana ba su kaso na gudanarwa. Ke nan takardarku za ta shiga ta da'irarku ne amma aiki babba irin magudana a sama ake yanke shi, kar ka tsaya a ƙofar farko ka ce ka gama.

Shi bujen kansa gida biyu ne, na gudanarwa wato albashi da mai da takardu da wuta da ruwa, sai na ayyuka wato aji da rijiya da ɗakin shan magani da magudana. Doka ta ce aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum a tura su gidan ayyuka. Aikin da ake sakawa kuma ba daga sama yake faɗowa ba, akwai kundin tsarin raya gari na shekara biyar, daga cikinsa ake tsamo na kowace shekara. Idan layinku na cikin kundin nan kun ci rabin tafiya, idan ba ya ciki to aikinku na farko shi ne a san da ku.

Kuskuren da na fi gani, mutane na zuwa cikin Agusta ruwa na bisa kansu rai a ɓace, alhali bujen shekarar an rufe shi tun bara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga ɗaukewar ruwa zuwa Oktoba shi ne lokacinku.

Mai Kasea:

Baba sakatare Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa na yarda a takarda haka yake, amma mu da ke bisa moto tun asuba har dare abin da muke gani daban. Ni ɗan kabu-kabu ne shekara bakwai, ban taɓa ƙin biyan abin da aka ce in biya ba, takarduna cikakku ne a leda ƙarƙashin siti, amma ramin da na faɗa da fasinja shekara uku da suka wuce har yau yana nan sai ma faɗi da ya ƙara, to ni ina zan ga 45 ɗin nan?? Lokacin Zinder Saboua, shirin gyaran gari na bikin 18 ga Disamba a 2018, cikin ƴan watanni aka shimfiɗa gudro aka kafa fitilu kowa ya gani, ke nan in ana so ana iyawa. Ba na kama sunan kowa amma zuciya na ciwo wallahi, talaka ya biya kuma talaka ya kwashe ruwa da bokiti.

Tsohon Sakatare:

Ɗana ciwon zuciyarka gaskiya ne ban raina shi ba. Sai dai ayyukan bikin 18 ga Disamba shiri ne na gwamnatin ƙasa, ba tikitin kasuwa ya yi su ba, aljihun ba ɗaya ba ne. Meri abin da take samu shi ne lanho, wato harajin da jama'a ke biya, da kuɗin kasuwa da tasha da mahauta, da sayar da fuloti, da kason da ma'aikatar haraji ke mayar mata daga irin su patanti, harajin masu sana'a da kasuwanci, sai tallafin da ke biyowa ta ANFICT, hukumar gwamnati mai tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi, da abin da masu furoje suka kawo. Gari mai mutum sama da 300,000 tun ƙidayar 2012, ka auna da kanka. Shi ya sa nake cewa a nemi ganin lissafin ƙarshen shekara, doka ta ba ɗan gari damar ya nemi a nuna masa buje da abin da aka kashe, a nan ne za ka ga ko an kai 45 ko ba a kai ba.

Inna Kwansaye:

Salamu alaikum, ƴata ce ta nuna mini wannan magana a wayarta na ce sai na sa baki, ita ke rubutawa ni ina faɗa. Na yi kwansaye bayan zaɓen 2011 a wata komin ta karkara nan kusa, ba zan faɗi sunanta ba, dokar kason mata ce ta shigar da ni, ranar da na fara zama ko inda zan ajiye jakata ban sani ba.

Malam sakatare ya faɗi gaskiya amma akwai abin da zan ƙara wanda ni sai da na sha wuya na gane shi. Buje ba kuɗi ba ne a ajiye cikin akwati, hasashe ne, ana cewa muna sa ran za mu tara kaza za mu kashe kaza. Shekarata ta farko na yi ta faɗa har aka saka mana ɗakin haihuwa a garinmu, don mata a amalanke ake kai su wani gari cikin dare, wata maƙwabciyata a hanya ta haihu cikin sanyin hunturu. Da aka ɗaga hannu aka amince na koma gida na gaya wa mata an gama, har guɗa aka yi a ƙofar gidana. Shekara ta ƙare ko bulo ɗaya ba a ajiye ba. Na sha kunya ƙwarai, a rijiya ma kauce wa mutane nake.

Ashe lanhon da aka yi hasashe bai shigo yadda aka zata ba, damina ba ta yi kyau ba maza sun tafi cin rani, ɗan abin da ya shigo kuma albashi da bashin baya suka fara ci, don su dole ne a biya su kafin komai. Takardun kuma duk da Faransanci, mu da yawa a majalisar ba mu karanta shi, sai a karanto lambobi da sauri a ce wa ya yarda mu ɗaga hannu. Daga nan na ɗauki dabara, duk takardar da aka ba mu kafin zama sai in kai wa ɗan ƙanena mushe ne a lakwal, mu zauna bayan isha'i da cocila yana karantawa layi layi yana fassara mini, ni kuma ina sa masa alama da bakin alkalami inda zan yi tambaya. A zama na gaba na miƙe na ce ranka ya daɗe a gaya mana da Hausa nawa aka ce za a tara, nawa aka tara, nawa ya rage. Ɗakin ya yi tsit, amma an ba ni amsa, kuma daga ranar wasu ma suka fara tambaya. Ɗakin haihuwar sai a shekara ta uku aka gina shi, shi ma da wani furoje ya ɗauki kaso mai yawa komin ta cika sauran, kuma abin da ya sa furojen ya zaɓe mu shi ne sun buɗe kundin nan na shekara biyar sun tarar da sunan garinmu a rubuce.

Don haka ɗana tela, in an ce muku an saka kar ku yi guɗa tukuna, ku tambaya da wane kuɗi za a yi, na asusun gari ne ko na tallafi ko na furoje, kuma duk wata biyu uku wani ya leƙa ya gaishe su ya tambaya ina aka kwana. Sannan kar ku tsallake mai unguwa, ta hannunsu lanho ke bi, kuma a garin da ke da fada kamar Damagaram maganar da ta biyo ta hannun mai unguwa ba ta zama ɗaya da wadda mutum ya kai shi kaɗai. Ku sa mata cikin masu zuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su ne ke kwashe ruwan nan da tasa suna ɗaga tabarmi da buhun hatsi cikin dare.

Kai kuma mai moto, Allah ya huci zuciyarka, ku da kuke da ƙungiya ai kun fi kowa baki in kun je tare.

Hajiyar Dole:

Ni dai abu ɗaya zan ce a matsayina na mai rumfa a kasuwa, duk wanda ya karɓi dalarka ka ce ya yago maka tikiti ko ya ba ka resi. Sau nawa ake cewa kawo rabi ka bar takardar, mu kuma muna murna mun samu sauƙi, alhali wannan rabin ba zai taɓa ganin asusun gari ba. Ni da kaina na yi haka shekaru ina ganin wayo ne, yanzu na daina, tikitina a gwangwanin madara nake tara su.

Ɗan Zango:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba sakatare da Inna wallahi kun buɗe mini ido, ni da a zatona mutum ɗaya ne ke zaune da biro yana raba wa wanda ya ga dama. Jiya bayan magariba na karanta wa dattijan layi duk abin da kuka rubuta a ƙofar masallaci, har liman ya ce in sake karanta wurin da Inna ta ce kar a yi guɗa tukuna. Maganar lanho ta ɗan tada ƙura don gaskiya akwai gidajen da suka daɗe ba su biya ba, wani ya ce sai ya ga aiki zai biya, wani ya ce masa to da me za a yi aikin, aka yi ta ja har aka kira isha'i. A ƙarshe dai an yarda kowa ya nemo resinsa wanda bai biya ba ya je ya biya kafin mu kai takarda, don kar a tambaye mu mu sunkuyar da kai.

Saura tambaya ɗaya Baba, takardar me za mu rubuta a ciki, kuma dole sai da Faransanci? Muna da yaro ɗalibi a jami'ar André Salifou zai iya rubutawa amma bai taɓa yin irinta ba.

Tsohon Sakatare:

Da Faransanci za a yi ta ɗana don shi ne harshen aikin buro da muka saba, amma kar yaron ya cika ta da manyan kalmomi, shafi ɗaya ya isa. Ku auna tsawon layin da mita tun daga inda ruwan ke shigowa har inda yake faɗawa tapki, ku rubuta gida nawa ne, katanga nawa suka zube kuma a wace shekara, ku faɗi karo-karon da kuka yi da jar ƙasar da ruwa ya kwashe, wannan yana nuna ba zaune kuke kuna jira ba. In akwai lakwal ko masallaci ko ɗakin shan magani da ruwan ke tare wa hanya ku sa shi a gaba, ya fi komai nauyi wajen masu zaɓen aiki. Ku haɗa da hotunan da kuka ɗauka da damina, in babu ku ɗauki zanen da ruwa ya bari jikin bango. Masu gida su sa hannu ko dangwale, mai unguwa ya sa nasa da hatimi.

Ku yi kwafi uku, ɗaya da'ira, ɗaya babbar meri, ɗaya ku riƙe, kuma taku ɗin ku tabbata mai karɓar wasiƙu ya buga mata tambari ya rubuta kwanan wata da lamba, da lambar nan za ku riƙa bin sawu. Ku roƙi ma'aikacin da ke kula da hanyoyi ya zo ya ga wurin da idonsa ya yi ƙiyasin kuɗi, don aikin da ba a san kuɗinsa ba ba ya shiga buje. Yana iya ce muku magudanar ba daga layinku za ta fara ba sai daga sama, ko ya ce pabe, wato shimfiɗa bulon siminti a hanya, ya fi dacewa da wurin, ku saurare shi kar ku yi gardama, ku nemo mutanen layin sama ku haɗa takardar da su.

In yaron ya rubuta ka turo mini hotonta ta akwatin saƙo in duba kafin ku buga, ina nan gida kullum bayan la'asar.